Hotunan katako na Japan: tsohon bugu, sabon sassaƙa ko bugun inji?

Wanda ya shiga kasuwar intanet yana neman hoton matafiyan da ruwan sama ya rutsa da su a gangaren Shono, zanen Utagawa Hiroshige, zai tarar da shi a farashi uku da ba su ko kusa da juna. Wani mai shago zai ce dala ashirin, wani ya ce ɗari da ɗoriya, dillalin gwanjo kuma ya ambaci dubbai. Hoton ɗaya ne, kuma ba lalle ne a samu macuci a cikinsu ba. Na farko bugun inji ne. Na biyu bugun hannu ne daga allunan katako da aka sassaƙa a wannan zamani. Na uku takarda ce da ta fito daga hannun mabugi a birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, wajen 1833. Ga mai son abin da zai rataya a falo ko ofis a ƙasa mai rana da ƙura da damina, na tsakiyar ne ya fi dacewa, kuma dalilin yana cikin yadda ake yin aikin.

Irin waɗannan hotuna, da Japanawa ke kira ukiyo-e, ba su da kwafi guda da za a nuna a ce shi ne na asali. Mutum huɗu ne ke haɗuwa a kansu: mawallafi mai zuba kuɗi, mai zane, masassaƙi da mabugi. Mai zane yakan yi zanensa da baƙar tawada a siririyar takarda, sai masassaƙi ya kifa ta a kan allon itacen ceri na daji ya manne, ya bi layukan da wuƙa yana cire duk katakon da ke tsakaninsu. Zanen hannun mai zanen a nan yake ƙarewa, wuƙa ta cinye shi. Wannan allo na farko shi ke ɗauke da layuka. Daga shi ake buga kwafi da dama, mai zane ya nuna inda kowane launi zai zauna, sannan a sassaƙa wa kowane launi nasa allon. A gefen kowane allo akwai tsaga biyu da ake kira kento, ɗaya mai kusurwa, ɗaya miƙaƙƙiya, inda ake dosa bakin takarda don launi ya faɗa daidai wurinsa. Idan kento ya goce da ko rabin milimita, za ka ga jan riga ya tsallake layinsa ya hau hannun mai rigar.

Mabugi ba ya amfani da inji. Yakan shafa launi mai ruwa a kan allo, ya ɗiga masa mannen shinkafa kaɗan, ya baje su da buroshi, ya ɗora takarda mai ɗan danshi, ya murza bayanta da baren, wani faifai mai faɗin tafin hannu da aka naɗe igiyar zaren gora a cikinsa, aka lulluɓe da ɓawon gora. Takarda ɗaya takan hau allo sau goma, wani lokaci har ashirin. Ita kanta takardar daga ɓawon itacen kozo ake yin ta, a shafe ta da ruwan mannen fata da alif don launi kada ya yi naso. Shuɗin sama da ke farawa da duhu a saman hoto yana sirancewa har ya ɓace, wanda suke kira bokashi, ba a sassaƙa shi a allo. Mabugi ne ke jiƙa allon da tsumma ya ja launin da buroshi, kuma sai ya maimaita haka a kowace takarda. Shi ya sa ba a samun kwafi biyu masu sama iri ɗaya sak.

Wannan bayani shi ne ma'aunin mai saye, domin ƙarfin baren yakan tura launi cikin zaren takarda har ya leƙo ta baya. Juya hoton ka duba. Bugun hannu, tsoho ko sabo, bayansa yakan nuna inuwar launukan da sawun murzar baren. Bugun inji bayansa fari ne fes. Sa gilashin ƙara girma mai ninki goma a kan launi ɗaya: na inji zai watse ya zama ɗigo-ɗigo na shuɗi da ja da rawaya da baƙi, na hannu kuwa launi ne shimfiɗe da zaren takarda a cikinsa, wani wuri ma har da tsarin jijiyar katakon. Duk mai sayarwa da ya ƙi turo hoton bayan takardar, a bar masa kayansa.

Tsohon bugu

A zamaninsu waɗannan hotuna kayan talakawa ne, ana sayar da ɗaya kusan kuɗin kwano ɗaya ko biyu na taliyar soba. Ana buga su kashi-kashi, kamar kwafi 200 a kashi guda, kuma idan hoto ya samu kasuwa a yi ta bugawa har allunan su gaji. Saboda haka cewa hoto na zamanin Edo ne, wato lokacin da ake kiran Tokiyo da wannan suna, bai faɗi darajarsa ba. Abin tambaya shi ne, daga farkon rayuwar allon ya fito ko daga ƙarshenta? Kashin farko, shozuri, ana yin sa bisa umarnin mai zane: layuka sirara masu kaifi, bokashi cikakke. Na baya, atozuri, mawallafi ne ke neman sauƙi: a rage yawan launi, a bar wani bokashi, layuka su yi kauri ko su kakkarye inda katako ya ɓantare.

Hoton Shono misali ne mai kyau. Yana cikin jerin hotunan da Hiroshige ya yi na zangunan Tokaido, hanyar da ta haɗa Edo da Kiyoto. 'Yan dako suna hawa gangare da fasinja a cikin kago, kujerar da ake ratayewa a sanda mutum biyu su saɓa, wasu mutum biyu kuma suna gangarowa a guje, ɗaya ya kare kansa da lema. Bayansu kurmin gora ya sunkuya cikin iska, jeri biyu na toka-toka, na baya ya fi haske. A bugun farko an rubuta sunan mawallafin, Takenouchi, a jikin lemar, tare da wani ɓangare na sunan jerin. A bugun baya rubutun ya ɓace. Mai saye da bai san wannan ba zai iya biyan kuɗin na farko ya tafi da na baya. Haka hoton gadar Nihonbashi da ke buɗe jerin: akwai mai mutane kaɗan, masu tallar kifi suna kaucewa ayarin wani basarake da sassafe, akwai kuma wanda aka sake wa allo aka cika gaban gadar da jama'a.

Bayan wannan sai lafiyar takardar. Launukan da aka samo daga tsirrai ba sa jure haske. Jan da ake samu daga furen beni yakan koɗe, shuɗin furen tsuyukusa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, kuma ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya kwashe shi. Shunayya, da yake haɗin waɗannan biyun ne, ita ke fara tafiya. Abin da ya fi tsayawa shi ne baƙar tawada da shuɗin Farusiya, wanda aka ƙirƙiro a Balin ta Jamus, ya yi araha a Japan wajen 1830. Don haka tsohon bugun da ya sha rana yakan zama shuɗi da baƙi kawai, rigunan matafiya duk sun dushe. Sauran cututtukan su ne ramukan tsutsa, ɗigon tsatsa-tsatsa da danshi ke haifarwa, karyewar ninki a tsakiya, datse gefuna, da manna hoton a kan wata takarda mai kauri don ɓoye yagewa. Ɗaga shi ga haske: inda aka cike rami ko aka yi faci zai fi duhu.

Akwai hatimin masu tace ɗab'i, kamar zagayayyen hatimin kiwame da aka yi amfani da shi daga 1790 zuwa 1842, da hatiman kwanan wata da suka biyo baya. Suna taimakawa wajen sanin lokacin da aka amince da zanen, amma ba hujja ba ne cewa takardar tsohuwa ce, domin mai sake sassaƙa allo yakan sassaƙa har da hatimin. Hujjar da ba ta ƙarya ita ce gwada layi da layi. Ka samo hoton kwafin da ke wani babban gidan tarihi, ka ƙara girmansa, ka bi rubutun sa hannu da ganyen itace da igiyoyin kaya ɗaya bayan ɗaya. Idan allo ɗaya ne, ko ya tsufa, layukan wuri ɗaya za su bi, kuma ɓantarewar da ke kwafin farko za ta bayyana a na baya har ta ƙaru. Allon da aka sake sassaƙawa, komai gwanintar masassaƙin, sai an samu inda wuƙarsa ta bi wata hanya. Shafin ukiyo-e.org yana ba da damar ɗora hoto a nemo takwarorinsa a gidajen tarihi daban-daban, kuma wannan shi ne aikin farko kafin maganar kuɗi.

Kuɗin kuwa ba shi da rufi. A watan Maris na 2023 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da kwafi ɗaya na hoton babbar igiyar ruwa ta Kanagawa, zanen Katsushika Hokusai, a kan dala miliyan 2.76. Kwafin asali na wannan hoto da aka san sun rage sun ɗan haura 100 ne kawai. Duk wanda ya tallata maka shi a matsayin tsohon bugu a kan 'yan ɗaruruwan daloli, ka san inda maganar ta dosa. Tsohon bugun da mai matsakaicin hali zai iya kaiwa gare shi yawanci bugun baya ne na zangon da ba a cika nema ba, ko kuma daga jerin Tokaido da Hiroshige ya sake zanawa daga baya, irin na tsaye na 1855. Dillali zai rubuta "Hiroshige, Tokaido" kuma bai yi ƙarya ba, sai dai ba shi ne jerin mawallafi Hoeido, wato gidan Takenouchi, na 1833 zuwa 1834 da ya yi suna ba. A tambayi wane jeri ne.

Sabon sassaƙa

Sana'ar ba ta mutu ba. Gidan Adachi a Tokiyo, wanda aka kafa a 1928, da Unsodo a Kiyoto, suna cikin masu sake sassaƙa alluna da hannu bisa kwafin farko masu kyau, su buga da baren a takardar kozo. Abin da mai saye ke samu shi ne hoton kusan yadda mutumin Edo ya gan shi ranar da ya fito daga shago: ja yana nan da ƙarfinsa, bokashi cikakke, gefuna ba a datse ba. Mutane da yawa da suka saba da kwafin gidajen tarihi sukan ce launin sabon bugu ya yi yawa, alhali tsohon ne ya koɗe. Farashin girman oban, wato kimanin santimita 26 a 39, yakan kama daga dala ɗari zuwa 'yan ɗaruruwa.

Rauninsa biyu ne. Na ɗaya, ba jari ba ne. Gidan da ya buga shi zai sake bugawa gobe, don haka kada ka sa ran riba idan ka tashi sayarwa. Na biyu, shi ne kayan aikin 'yan damfara. An daɗe ana irin wannan sake bugu, tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma kwafin da ya shekara 70 ko 100 ya riga ya yi launin tsufa da kansa. Gidajen kirki sukan buga hatiminsu a gefe ko a bayan takardar, macuci kuma ya datse gefen ko ya manna wata takarda a baya, wani ma ya jiƙa ta da ruwan shayi. Gwajin bayan takarda ba zai kama wannan ba, tunda bugun hannu ne na gaske. Gwada layuka ne kaɗai ke tona shi. Girma ma yakan taimaka, domin da yawa daga kwafin da aka yi wa 'yan yawon buɗe ido sun fi oban ƙanƙanta.

Bugun inji ba ya buƙatar dogon bayani. Gidan tarihi na Metropolitan a Amurka ya saki hotunan kayansa da suka fita daga haƙƙin mallaka kyauta tun 2017, ciki har da na Hokusai da Hiroshige. Mai buƙatar hoto don aji, ko shago, ko bangon da rana ke duka, ya sauke babban fayil ya kai wa mai buga hotuna a garinsu ya buga a takarda marar ƙyalli. Biyan kuɗin jirgi don a kawo maka bugun inji daga waje asara ce. Abin da za ka rasa shi ne zurfin launi da taushin takarda, bambancin da ke tsakanin saƙi da atamfa.

Hokusai ko Hiroshige

Idan an tsai da irin bugun, saura hoton. Jeri biyu ne suka mamaye wannan fanni, kuma ba abu ɗaya suke ba mai kallo ba.

Jerin Hokusai na Dutsen Fuji ya fito wajen 1830 zuwa 1832 daga mawallafi Nishimuraya Yohachi. Sunansa ya ce 36, amma da ya samu karɓuwa aka ƙara 10, suka zama 46. Hokusai yana da shekara 70 a lokacin, kuma idonsa a kan aikin hannu yake. A hoton Fujimigahara na lardin Owari, wani mutum ya durƙusa a cikin wata ƙatuwar gangar katako da ba a sa wa gindi ba yana gyaran cikinta, dutsen kuma ɗan ƙaramin farin tsini ne can nesa a tsakiyar da'irar. A tsaunukan Totomi, gungume ya ratsa hoton a karkace, mutum ɗaya a samansa yana jan zarto, wani a ƙasa yana yanka ta sama, na uku a zaune yana wasa haƙoran zarto, ga mace da goyo. A Kajikazawa masunci ne a kan tsinin dutse yana riƙe da igiyoyin birgi, jikinsa da igiyoyin suna maimaita siffar Fuji. Hokusai mai lissafin siffofi ne: da'ira, kusurwa uku, layi a karkace. Hotunansa suna kama ido daga nesa, don haka sun dace da babban bango ko ofis. Suna kuma da wata fa'ida ga mai sayen tsohon bugu, tunda shuɗin Farusiya ya yi yawa a cikinsu, ba su cika lalacewa da koɗewa kamar masu ja da shunayya ba. A bugun farko na 36 ɗin ma layukan da shuɗi aka buga su, baƙin layi ya zo ne a ƙarin goman da kuma bugun baya.

Hiroshige, wanda aka haifa a 1797, hanya ya bi. Tokaido ta haɗa Edo da Kiyoto, kusan kilomita 500, da zango 53. Da mafari da maƙura, hotunan suka zama 55. Hanya ce mai cunkoso, domin tun 1635 doka ta wajabta wa sarakunan larduna su riƙa zama a Edo shekara guda su koma gida shekara guda, da ayarinsu, ga fatake da masu ziyarar wuraren ibada. Abin da Hiroshige ya fi kowa iyawa shi ne yanayi da halin matafiyi a cikinsa: hazon safiya a Mishima, dusar ƙanƙara da dare a Kanbara, mutane sun dunƙule cikin malafa da kabido. A Mariko matafiya biyu na zaune a rumfar abinci suna shan miyar doyar daji da aka san garin da ita. A Goyu matan masauki sun cafke matafiyi ta ƙullin kayansa suna jan sa ciki da ƙarfi, fuskarsa a murtuke. A kogin Oi, tsakanin Shimada da Kanaya, gwamnati ta hana gada da jirgin fito, sai 'yan dako ne ke ƙetarar da mutane a kafaɗa ko a kan dandamali, kuɗin yana hawa gwargwadon zurfin ruwa, kuma idan kogi ya cika a rufe mashigi kowa ya zauna a zango yana cin guzurinsa.

Wannan ya sa ingancin bugu ya fi muhimmanci a Hiroshige. Hazo da ruwan sama da magariba duk aikin bokashi ne, kuma su ne farkon abin da bugun baya ke zubarwa, su ne kuma inji ya fi kasawa a kansu. Hoton gangar Hokusai zai iya tsira ko a bugun inji, domin siffarsa ce ƙarfinsa. Kanbara ko Shono a bugu marar kyau toka ce kawai a shimfiɗe. Mai son Hiroshige ya daure ya sayi bugun hannu, kuma ya rataye shi inda ake zama kusa, domin mutanensa ƙanana ne, sai an matso ake ganin abin dariyar da ke ciki. Wanda kuma ba ya son rataya hoton mutane a ɗakinsa, akwai jan Fuji na Hokusai, dutse da gajimare ne zalla.

Bango da yanayi

Gidajen tarihi suna nuna irin waɗannan hotuna a haske mai rauni, kimanin lux 50 a ma'aunin ƙarfin haske, na 'yan makonni ko watanni kaɗan, sannan su mayar da su cikin duhu, a danshin da ke kusa da kashi 50 cikin ɗari. Ɗaki a Kano ko Damagaram ko Tamale ba haka yake ba. Da hunturu iska takan bushe ƙwarai, takarda ta takura, a watan Agusta kuma danshi ya hau, ta saki ta yi kumburi, fumfuna ta samu wurin zama. Gara da kyankyaso suna son mannen shinkafa da takardar kozo. Tsohon bugu a irin wannan wuri ba na bango ba ne. Wurinsa akwati ne mai rufi, a kwance tsakanin takardu marasa asid, a ɗakin da ba ya zafi, a fito da shi a kalla a mayar. Wanda bai shirya wa haka ba, kuɗinsa zai koɗe a gabansa cikin 'yan shekaru, kuma launin da ya tafi ba ya dawowa.

Sabon bugu ya fi haƙuri, kuma ko ya lalace ana iya sayen wani, amma shi ma yana da ƙa'ida. A ce wa mai sayarwa ya aiko shi a shimfiɗe tsakanin kwalaye masu tauri, kada ya naɗe. Wajen mai firam a tsaya a kansa, domin al'adar masu firam ita ce su shafe bayan hoto da gam su manne a katako, ko su kama gefuna da salatif. Gam yana hana takarda motsi sai ta tattare, salatif kuma yakan bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Abin da ake so shi ne a rataye hoton daga sama kawai da 'yan ƙananan ƙyallayen takardar Japan guda biyu da mannen sitacin alkama, ko a sa kusurwoyinsa a aljihunan takarda ba tare da manne ya taɓa shi ba. A sa kwali marar asid mai taga tsakanin hoton da gilashi, ya ba da tazarar milimita 2 ko 3, don idan gilashi ya yi gumi kada takarda ta manne masa. Gilashi mai tace hasken rana yana rage ɓarna, amma ba ya ba da izinin rataya hoto a gaban taga. A zaɓi bangon cikin gida wanda ruwan damina ba ya duka ta bayansa, nesa da kicin da hayaƙin turaren wuta, a liƙe bayan firam da takarda don ƙura da ƙwari, a sa ɗan abin tokare a ƙasan firam ta baya don iska ta riƙa ratsawa tsakaninsa da bango. Idan ƙura ta hau, gilashin ake gogewa da busasshen ƙyalle. A farkon damina da ƙarshenta a sauke firam ɗin a duba bayansa.